Dashen haƙori ko a feƙe na gefe: wanne ya fi ga wanda ya daɗe da giɓi?

Tambaya daga Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Shekarun baya an cire mini matauni ɗaya na ƙasa bayan kogo ya cinye shi, kuma tun daga lokacin nake tauna da ɓangare guda. Yanzu na lura haƙorin da ke bayan giɓin ya fara karkatowa gaba, na sama kuma ya ɗan zazzago. Likitan haƙori ya ba ni zaɓi biyu: ko a feƙe haƙoran da ke gefe a jingina sabo a kansu, ko a dasa ƙarfe a cikin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kai. Shin da gaske ne ƙarfe yana haɗewa da ƙashi, kuma me ya sa aikin ke ɗaukar watanni? Ina da ciwon suga, amma ina shan magani a kan kari.

Amsa daga Tsohon Ma'aikacin Lafiya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne, kuma ƙarfen da ake amfani da shi titaniyom ne. Wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark, yana bincike a kan ƙashin zomo a shekarun 1950, ya tarar da cewa titaniyom ɗin da ya sanya ya kama da ƙashin har ya ƙi ciruwa, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe da shi. Abin da ake sanyawa gida uku ne: ƙusa mai zare da ke shiga ƙashi ta tsaya a matsayin saiwa, ɗan mahaɗin da ke leƙowa ta dasashi, sai haƙorin tangaran da ake gani.

Watannin da kake tambaya a kai lokacin da ƙashi ke tsirowa ne ya rungumi ƙusar, yawanci wata 3 zuwa 6, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin kamawa saboda ƙashinsa ya fi tauri. Idan aka matsa mata da tauna kafin ta kama, tana iya yin girgiɗi, aikin ya lalace.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne daɗewar giɓin. Ƙashin muƙamuƙi yana zama da kauri ne saboda saiwar haƙori na motsa shi a duk lokacin tauna. Da zarar an cire haƙorin sai ya fara zaizayewa, musamman a shekarar farko. Saboda haka kada ka yarda a fara komai sai an ɗauki hoton ƙashin an auna kaurinsa da tsayinsa, domin akwai jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, wadda idan aka taɓa ta leɓe da haɓa na iya yin dindiris na tsawon lokaci. Idan ƙashin bai isa ba, akan yi ciko a jira ya warke tukuna, wanda ke ƙara watanni.

Amsa daga Uwar Biyu:

Malam, ni an yi mini, kuma ina so in rage maka fargabar zafi. Da allurar kashe zafi aka yi, abin da na ji kawai shi ne dannawa da ƙarar injin, sai kumburi na 'yan kwanaki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne haƙorin dashe ba ya ji kamar na halitta: idan na tauna abu mai tauri, ba na jin nauyinsa a wurin sosai, sai da na saba. Kogo ba ya cin sa, amma dasashin da ke kewaye da shi na iya kamuwa da cuta ya riƙa jini, ƙashin ya zaizaye ba tare da wani ciwo mai tsanani ba. Shi ya sa nake bin gindinsa da ɗan siririn buroshi da zaren sakace kowane dare, kuma ba na fashin zuwa a duba.

Amsa daga Dattijo Mai Lura:

Ina ganin kada a yi saurin watsi da zaɓi na farko. Idan haƙoran da ke gefen giɓin dama suna da manyan ciko ko sun tsage, rufe su ba asara ba ce, kuma ana gama aikin cikin makonni ba tare da tiyata ba. Amma idan lafiyayyu ne, feƙe su ɓarna ce da ba a iya mayarwa, kuma a nan dashe ya fi. Haka nan karkatar da ka ambata tana iya rage filin, har a buƙaci gyara ta kafin a sanya komai.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai. Haƙoran gefen lafiyarsu ƙalau. Batun sugan fa, yana hana dashe?

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:

Ba ya hanawa muddin yana a daidaice. Wanda ke hauhawa shi ne ke jinkirta warkewa ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, don haka ka nemi gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata 3, ka kai wa likitan haƙorin sakamakon. Idan kana shan taba, ita ma tana ƙara haɗarin dashen ya ƙi kamawa, gara ka daina tun kafin aikin. Ka kuma lissafa masa duk magungunan da kake sha, musamman na tsinka jini da na ƙarfafa ƙashi, kuma idan kana da ciwon dasashi a fara magance shi kafin a sa ranar dashen.