Ƙudan Lakar Mangurof: Musayar Baitoci

Auta:
Assalamu alaikum manya. Ga tambaya a waƙe, a taimaka a amsa mini a waƙe.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai halittun da ba sa ƙirguwa,
Tambaya ce na kawo wa kowa,
Kan ɗan ƙudan da ke bin laka.

A Singafo, can a bakin teku,
Dajin mangurof, itacen lakar gaɓa, nake gaya muku,
In ruwa ya janye, biyu ko uku
Za su sauko, kowa na tasa harka.

Kore ne shar, yana ta sheƙi,
Doguwar ƙafa, siririn ciki,
Ni dai na ce ba wani aiki,
Ƙudan bola ne ƙarami haka.

In na yi daidai ku ce da ni,
In da gyara ku sanar da ni,
Ina alamar da ido zai gani
Da za ta raba shi da saura duka?

Mai Madubi:
Wa alaikas salam ƙanena,
Tambayarka ta shiga raina,
Launi dai, riƙe maganar nan tawa da kyau a wurina,
Shi ne farkon mai ruɗe ka.

Ƙudan bola jibgege ne,
Gajeren ƙafa, mai kauri ne,
Wannan kuwa ɗan wani gida ne,
Dolichopodidae, rubuta a littafinka.

Nau'insu ya haura 7,000,
Kusan ko'ina a duniya akwai,
Na lakar mangurof wani yanki ne kawai,
Thinophilus na cikin waɗanda za ka iska.

Masani Wahlberg ya raɗa sunan a 1844,
Ƙudaje ne masu son gudu,
Daga arewa har zuwa kudu,
Bakin ruwan gishiri suka fi sauka.

Ka fara duba shi daga kai,
Ƙudan bola da na gida dai
Suna da tsaga a goshi sarai,
Ta rungume ƙaho, wato eriya, shi ba ya da haka.

A tsakar kai ƙananan idanu uku,
Bayan manyan kuma, ku sa madubinku,
Jerin gashi zai bayyana muku,
Ya bi gefen ido tun sama har ya sauka.

Gwaggo:
Malam, bari in karɓa daga nan. Zan canza amsa-amo, ƙwar biyu ta fi mini daɗin baki.

Ɗana Auta, matso ka ji ni,
Fiffike shi ke faɗin gaskiya.

Biyu ne rak, ba huɗu ba ne,
Ƙuda ke nan, babu ƙarya.

Na bayan sun zama 'yan sanduna,
Kowane gefe guda ɗaya.

Kamar makaɗin ganga ƙarami,
Suna kaɗawa in yana tafiya.

Su ke gaya masa ya karkace,
Su ke tsare shi in zai juya.

Shimfiɗa fiffiken a gilashi,
Ka haska fitila ta baya.

Bi jijiyoyin tun daga tushe,
Za ka ga wata 'yar gajeriya,

Ta gitta tsakani, r-m sunanta,
Dab da tushe ta tsaya.

A ƙudan gida ka neme ta gaba,
Inda fiffike ya kai tsakiya.

Ɗakunan fiffike biyu da wasu ke rabawa,
A nan sun haɗe sun zama ɗaya.

Babu bangon da ya shiga tsakani,
Ganin wannan ba ya da wuya.

Ni fiffike na fi ƙauna duka,
Don ba ya sauya mini hanya.

Launi kan dushe a cikin kwalba,
Jijiya na nan yadda take jiya.

Wanda ya ga alamun nan biyu,
Ya san gida, saura sanin zuriya.

Auta:
Gwaggo na gode da wannan ƙwazo,
Ga wata kuma da ita na zo,
An ce a dajin ana shan cizo,
Shin shi ne ke wannan aika-aika?

Mai Madubi:
Ba shi ba ne, kar ka zarge shi,
Mai cizon nan daban yake da shi,
Culicoides ne, da ƙyar ka gan shi,
Milimita 1 zuwa 3 tsawonsa duka.

Shi ƙahonsa dogo ne, gaɓa-gaɓa,
Fiffike da ɗige-ɗige in ka duba,
Macen ke shan jini, namiji bai taɓa ba,
Namu kuwa ba ruwansa da jininka.

Namu farauta yake tun farko,
Ruwa na janyewa zai sauko,
'Yar tsutsa mai laushi ya ɗauko,
Ya matse ta a leɓɓa, ruwan ya zuƙa.

Tsutsarsa ma a taɓo take,
Farar aba, farauta take,
In ta ƙosa, a nan take
Gina ɗan ɗaki na laka ta shige ɗaka.

In Thinophilus kake son tabbaci,
Ƙahon gajere ne, ga bambanci,
Gaɓa uku, sai gashi mai muhimmanci,
A bayan ta ukun ya tsiro, sa idonka.

Gefen baki akwai 'yan tafi,
A wannan zuriya sun yi faɗi, sun fi
Na dangi da yawa. Sa ido mai kaifi
A gadon baya, can ne sauran aikinka.

Layi biyu na gashi mai tsauri,
Hagu da dama, sun tsaya a tsari,
Tsakaninsu wasu na da ƙanana a jeri,
Shi tsakiyarsa wayam, duba da kanka.

Ɗalibar Kimiyya:
Malam, Gwaggo, a yi mini izini,
Kun kai mu zuriya, na gani,
Amma nau'i fa, wannan da wani?
Nan ne ido ke fara gazawa.

Mata na nau'i biyu ko uku,
Ku jera su gaban madubinku,
Kamarsu ɗaya, wallahi, ina gaya muku,
Gwani ma kan daɗe yana dubawa.

Mu a ɗakin gwaji ƙafa guda
Ta ishe mu daga jikin ƙuda,
Mu ciro DNA ta zama shaida,
COI ake ce wa gurbin karantawa.

Harafi 658 ne tsawonsa,
Masani Hebert a 2003 ya kawo tsarinsa,
Kowane ƙuda a haɗa shi da irinsa,
Mace da tsutsa ma, babu warewa.

Dubbai ke faɗawa tarko a 'yan kwana,
Wa zai iya ɗaya-ɗaya ya auna?
Malam, da girmamawa nake magana,
Madubi kaɗai ba ya gamawa.

Mai Madubi:
Madalla 'yata. Na biyo ki zuwa amsa-amonki.

'Yata, kin faɗi yadda abin yake,
Kan mata ni ma nan nake,
Amma namiji, shi a buɗe yake,
Jikinsa ya isa a yi rarrabewa.

Duba cinyar ƙafar gaba,
Ta ƙarƙashi, inda ba a cika kula ba,
Wani gashi dogo, wani bai fito ba,
Baƙi ko fari, duk abin rubutawa.

Tushen ƙafar, rawaya ne ko baƙi?
Gaɓoɓin ƙarshe, da fari a ciki?
Wasu mazan gidan da ado suke a jiki,
Da shi suke jan mace, suna kaɗawa.

Sai mu gangara can ƙarshe,
Inda cikin namiji ya lanƙwashe,
Gaɓar barbara ce, a hankali a kwashe,
Da tsinin allura ake cirewa.

Ruwan sinadarin KOH ake jiƙa ta ciki,
Nama ya narke, ya bar ɓawon jiki,
A ɗiga gilisarin, sai a hau aiki,
Kowace 'yar ƙugiya ana zanawa.

Tsawon reshe, lanƙwasa, yawan gashi,
Kowane nau'i da irin nashi,
Na'urarki ta tara su kashi-kashi,
Amma suna fa, wa ke raɗawa?

Lamba za ta ba ki, ba suna ba,
In ba a gwada da na farko ba,
Wanda aka adana, ba a yar ba,
A gidan tarihi, gare shi ake komawa.

Gwaggo:
Ku dakata, ba faɗa ba ne,
Masu aikin sun bi kowace hanya.

Patrick Grootaert, mutumin Beljiyam,
Ya daɗe a dajin yana tafiya.

A 2018 ya fitar da bita
Ta Thinophilus na Singafo gaba ɗaya.

Ya sa DNA kusa da siffa,
Bai yar da ɗaya saboda ɗaya.

Sababbin nau'i suka fito fili,
Da ba su da suna a duniya.

Sungei Buloh da Pulau Ubin a Singafo,
Na cikin inda aka samo dukiya.

Abin da ke ci mini rai, dajin
Birni ya cinye mafi yawansa tun can baya.

Wanda ya rage shi ake bi yanzu,
Saiwa bayan saiwa, duk da wuya.

Auta:
Yaya Ɗaliba, ke zan tambaya,
Ƙuda mai gudu, kama shi da wuya,
Wane tarko ne haka ya iya,
Ya tara dubbai, ba gudu ba duka?

Ɗalibar Kimiyya:
Tarkon Malaise ne, ƙanena,
René Malaise na Suwidin ya zana,
Tanti ne na raga, a kafa shi ya kwana,
Da bango a tsakiya mai tarewa.

Ƙuda ya taho ya bugi bango,
Sama yake bi, haske yake hango,
A ƙololuwa ne ƙarshen zango,
Kwalbar itanol, ruwan barasa, yake faɗawa.

Masu bin laka kuwa, sau da yawa
Ragar hannu ta fi kamawa,
Ka jira ruwa ya gama janyewa,
Ka share ƙasa-ƙasa tsakanin saiwa.

Saiwar Avicennia ta huda laka ta yo sama,
Da ita itacen ke numfashi ma,
Tsakaninta ƙudan ke samun dama,
Yana tsere kusa da ramin ƙaguwa.

Itanol kashi 70 ya isa duba siffa,
In DNA ake so, a ƙara ƙarfi fa,
Kashi 95 zuwa sama, a ciri ƙafa,
A sa a sanyi kafin lalacewa.

Takarda a kwalba, da fensir a rubuta,
Don tawada itanol kan wanke ta,
Wuri da rana da shekararta,
Gaban daji ne ko baya aka yi kamawa.

Mai Madubi:
'Yata, ƙara guda a kan naki,
In kin juye kwalba a farantin aiki,
Fara ware maza, masu lanƙwasar ciki,
Matan a bar wa na'urarki ta yi haɗawa.