Jiran Ubangiji: me ake yi a cikinsa?

Sabuwar Tuba: Salama a gare ku, 'yan'uwa. Kullum ana ce mana mu jira Ubangiji. To a aikace me mutum zai riƙa yi? Yaya zai gane jira yake, ba lalaci ba?

Dattijon Ikilisiya: 'Yata, buɗe Nehemiya sura 1 da 2. Wajen wata 4 yana addu'a. Ran da sarki ya tambaye shi abin da yake so, bai yi inda-inda ba: ya yanka lokaci, ya nemi wasiƙu da katako don ya je ya sake gina Urushalima. Mai zaman banza ba zai iya ba da wannan amsa ba.

Samu littafi, rubuta roƙonki a layi ɗaya da kwanan wata. Ƙarƙashinsa raba shafin biyu: abin da ke hannunki, da abin da sai Allah. In aiki kike nema, kai takarda da ƙara ƙwarewa naki ne, zuciyar mai ɗauka kuwa ba taki ba ce. Ware minti 15 kullum a lokaci guda: Zabura ɗaya, roƙo, sai shiru. Littafin kuma a duba shi ƙarshen wata. Mai dubawa kowace safiya damuwa kawai yake ƙara wa kansa.

Malamar Zumuntar Mata: Inda ake faɗuwa shi ne dab da ƙarshe. Sarki Saul ya jira kwana 7 a Gilgal don annabi Sama'ila ya zo ya miƙa hadaya, da ya ga mutane suna watsewa sai ya miƙa hadayar da kansa, yana gamawa Sama'ila ya iso (1 Sama'ila 13). Tsoro ne ya tura shi. Saboda haka duk shawarar da ta zo miki da "yanzu-yanzu, kada a wuce ni", bar ta ta kwana, ki kai wa wani balagagge cikin bangaskiya. Sauri kan haifi nawa. Azumi ma, kada ki mai da shi abin matsa wa Allah.

Mawaƙin Ikilisiya: Baba da Mama sun gama magana. Ƙari kaɗan: kuka bai ɓata jira. Zabura 13 ta tambayi "har yaushe" sau 4.

Sabuwar Tuba: Na gode. In amsar a'a ce fa?

Dattijon Ikilisiya: Yakan faru. Manzo Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, aka ba shi alheri maimakon haka (2 Korintiyawa 12:8-9). Rubuta wannan ma a shafin, da kwanan watansa.