Da aka ce ku zaɓi aiki ɗaya a unguwarku, me kuka zaɓa?

Hamman Yara:
Salamu alaikum mutanen Gombe. Makon jiya Jauro, mai unguwarmu, ya aiko a ce kowane magidanci ya fito bayan la'asar, za a ji ra'ayinmu kan aikin da za a sa mana a kasafin baɗi. Aka ce kuɗin aiki ɗaya ne, mu zaɓa. Abu uku aka baje a tabarma: kwalbati a mashigar unguwa, bohol, da katangar maƙabarta. Ni kwalbati na je nema, don duk damina sai na bar Keke Napep ɗina a bakin titi na tattare wando na shigo gida. Ana cikin ja-in-ja wani dattijo ya miƙe ya ce maƙabarta ita ce gidanmu na gaskiya. Wa zai ce masa a'a a gaban mutane? Kafin kiran magariba katanga ta ci. Waɗanda aka taɓa yi musu irin wannan zama, yaya naku ya ƙare?

Adda Mai Ɗinki:
Hamma, tambaya ɗaya: mata nawa ne a zaman naku? Namu an yi shi shekara biyu da suka wuce, a ƙofar masallaci, sai da maigidan ya dawo na ji labari. Fitilun sola suka zaɓa. Na ce masa jarka nawa muke sha a gidan nan kullum? Wallahi bai sani ba, shi dai yana tarar da buta cike. Ruwan Gombe daga Dadin Kowa ake turo shi, tafiyar kusan kilomita 40, amma mu da muke sabuwar unguwa bututun bai iso mu ba. Ko ka jira mai kura, ko ku haɗa kuɗin tanka, ko yara su fita da asuba. 'Yata ta sha bulalar latti har ta daina kuka. Yanzu muna da haske ras da daddare, a ƙarƙashinsa muke layin ruwa.

Mai Shagon Kwana:
Adda, a yi mana adalci. Kafin a sa fitila a layinmu, ƙarfe takwas nake rufe shago saboda 'yan kalare da masu ƙwacen waya. Sau biyu aka tare ƙanena. Yanzu ina kaiwa sha ɗaya, mai shayi ya dawo, mai ƙosai ma ta dawo, ita ma mace ce. Ban ce ruwa ba shi da muhimmanci ba, amma fitila ba kwalliya ba ce.

Adda Mai Ɗinki:
Ban raina fitila ba ƙanena. Da an kira mu aka kayar da mu, da ban ce komai ba.

Bappa Ɗan Fansho:
'Ya'yana, bari in sa baki, don na yi shekaru a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, kuma irin wannan takarda da kuke cikewa ta sha biyowa ta teburina.

Da farko ku san abin da ke wuyan wa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma: kasuwa, tasha, mahauta, banɗakin jama'a, kwashe shara, maƙabarta, titunan cikin unguwa da magudanansu da fitilunsu, sai hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. To katangar Hamma tana cikin layi, kwalbatinsa ma haka. Amma in kuka rubuta a toshe muku babban kwari, kun ɓata zaɓinku, don kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma nesa ba kusa ba. Irin wannan sai jiha da Bankin Duniya, shi ya sa kuka ji shirinsu na yaƙi da zaizayar ƙasa, NEWMAP, a da, yanzu kuke jin wanda ya gaje shi, ACReSAL.

Na biyu, kuɗin. A zamaninmu kason yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da sauransu, abin da ya rage shi ake yayyafa wa mazaɓu. Ƙaramar hukumar Gombe kaɗai mazaɓa 11 gare ta, daga Ajiya da Bolari biyu har Pantami da Shamaki, kowacce da nata kukan. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, amma ko kuɗin ya zo a buhu, sai an zauna an ce wanne za a fara.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne jeri. Mukan kai takarda mun sa magudana a sama, kwalta a ƙasa, ta dawo mana a juye. Dalili ba ɓoyayye ba ne: kwalta ana yanka mata kyalle a ɗauki hoto, lambatu kuwa babu mai zuwa buɗe shi da makaɗa. Garin nan ƙasarsa yashi ce, kuma a gangare yake, ruwa na sauko mana daga tudun yamma. Titin da aka shimfiɗa ba magudana, damina biyu ta ishe shi. Na ga wanda muka yi da hannunmu, ruwa ya ci gefensa har ya zama tarkon 'yan acaɓa. Kuma magudana daga ƙasa ake fara ta, inda ruwan zai faɗa, a hauro sama. In aka fara daga sama, an tara ruwa ne an aika wa maƙwabci.

Na Bakin Kwari:
Bappa, mu ne maƙwabcin. Unguwar da ke samanmu suka zaɓi titi da lambatu, aka yi musu mai kyau, muka je muka taya su murna. Ashe bakin lambatun a bayan gidajenmu aka sake shi, ba a kai shi ko'ina ba. Da can ruwan yakan bazu ya nutse, yanzu a dunƙule yake zuwa. Watan Agusta na farko ya tafi da banɗakina da rabin katanga. Duk daren da hadari ya haɗu, yara a ɗakin gaba suke kwana, ni kuma ina zaune da tocila. Buhunan yashi muke jerawa da aikin gayya, ruwa yana kwashewa. Da muka kai kuka aka ce ai mazaɓarmu ta riga ta samu nata, an gyara mana aji biyu.

Malama Ta Firamare:
Mu bohol muka zaɓa, muka samu, muka yi wata bakwai muna jin daɗi. Sai injin da ke cikin rijiyar ya ƙone. Babu wanda aka ce shi ne mai gyara, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da zama na biyu ya zo muka ce ba ma son sabon abu, a gyara mana tsohon. Aka ce gyara ba ya cikin tsari, sai dai mu zaɓi sabon bohol. Kusa da mataccen! Daga ƙarshe mu muka kafa kwamiti, kowane gida na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, wata dattijuwa ke riƙe kuɗin don ita ce babu mai iya ranta a hannunta. Duk wanda za a yi wa aiki, tun a wurin zaman ya tambaya: ranar da ya lalace, ƙofar wa za mu buga?

Mai Haƙan Kabari:
Hamma, kada ka ga laifin dattijon nan. Ni nake shiga maƙabartarmu kullum. Masu gini suna cin gefenta taku-taku, dabbobi na ratsawa, yara sun mai da kusurwa ɗaya filin ƙwallo. Bara bayan ruwa mai ƙarfi sai da muka sake rufe kaburbura da hannunmu, abin da na gani ba zan rubuta shi ba. Sai dai in faɗi gaskiya, katanga ba za ta hana wannan ba. Ruwan da ke hana ka shiga da Keke, irinsa ne ke tone mana kaburbura.

Hamman Yara:
Allah ya saka da alheri. Malam mai haƙa, maganarka ta sa na je na duba da safe, kuma haka ne: ruwan mashigarmu ta bayan maƙabartar yake bi. Da na san haka tun ranar zaman, da dattijon nan da kansa zai goya mini baya. Adda, na tambayi uwargida, ta ce bohol, ko numfashi ba ta ja ba. Na samu Jauro bayan azahar, ya ce takardar ba za ta tafi ba sai Juma'a, kuma ya yarda matan su zauna a Islamiyya ranar Laraba su faɗi nasu. Bappa, in ba damuwa zan zo in ɗauke ka gobe ka duba mana inda ruwan zai faɗa, kada mu ma mu aika wa na ƙasa da mu.

Bappa Ɗan Fansho:
Ka zo bayan hantsi, ƙafar ba ta son sammako. Ka taho da igiyar awo.