Neman shawara: in biya kuɗin manhajar ƙirga taku ko in ci gaba da haƙuri da talla?

Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawararku musamman masu fita motsa jiki da safe. Wata huɗu da suka wuce likita ya ce jinina ya fara hawa, suga ma tana bakin layi, ya ce lallai in riƙa tafiyar ƙafa ko minti 30 ne kullum. To na riƙe abin da gaske, ana idar da sallar asuba nake fita daga Unguwan Rimi in nufi Murtala Square in zaga in dawo kafin yara su gama shirin makaranta. Wani yaro a ofishinmu ne ya sa min wata manhaja mai ƙirga taku da nisan da na yi, kuma gaskiya tana ƙara min ƙaimi, ranar da na ga na haura taku 8,000 wuni nake cikin nishaɗi.

Matsalar talla ce. Da na gama tafiya na buɗe in duba sai bidiyo ya tare fuskar wayar sai na jira ya ƙare, yau tallan caca gobe na masu ba da bashi, duk ina ta haƙuri, amma jiya abin ya kai ni bango, ƴata ƴar shekara 9 ta ce Abba mu ga takun yau, tana karɓar wayar sai ga tallan wata mata kusan tsirara, wlh fizge wayar na yi na rasa abin da zan ce mata. Sun ce in biya wajen dala 5 duk wata su cire tallan. Kuɗin bai kai lafiyata ba na sani, amma ga kuɗin makaranta ga data da ta ƙara tsada tun farkon 2025. In biya ne ko akwai wata hanya?

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya. Kar ka biya ko sisi. Abin da kake buƙata ƙirga taku ne da minti, kuma manhajar Samsung Health tana yi kyauta ba ta tare ka da bidiyo, Samsung ma sun cire talla daga tasu tun 2021. Su waya da agogo suke sayarwa, nan cinikinsu yake. Waɗancan ƙananan kuma ba su da abin sayarwa sai idonka, shi ya sa suke cika ka da talla har ka gaji ka biya.

Ƴar Malali:
Baba sannu, Allah ya ba da lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da hukumar lafiya ta duniya ta ce shi ne babba ya samu a ƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato tafiyar da za ka ji numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana, minti 30 sau biyar kenan, kai ka ma wuce haka. Taku 10,000 ɗin da ake ta yayi asalinsa tallan wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, kar ya dame ka. In da ni ce kuɗin nan tara su zan yi in sayi na'urar awon jini ta gida ta dantse, a riƙa rubuta awon a littafi ana kai wa likita, wannan zai fi yi maka amfani nesa ba kusa ba. Kuma don Allah kar a ajiye magani don an ga taku ya yi yawa, muna ganin masu yin haka.

Mai Keken Barnawa:
To ni dai ina biya kuma ban yi nadama ba, amma harkata daban da taka Alhaji. Keke nake tuƙawa, Asabar mukan yi kilomita 40 ko fiye, Strava nake amfani da ita, a 2020 suka mai da tsara hanya da cikakken jerin wanda ya fi gudu ɓangaren masu biya, ni kuma su nake so shi ya sa na biya. Mai tafiyar asuba ba ruwansa da waɗannan.

Abin da ya fi damuna a zancenka ba kuɗin ba ne. Manhajar nan ta san ƙofar gidanka, ta san ƙarfe nawa kake fita, ta san hanyar da kake bi kullum, kuma mai rayuwa da talla bayanan mutane su ne jarinsa don da su ake zaɓar tallan da za a turo maka. Biya ma ba ya nufin ka tsira, a 2018 taswirar da Strava ta fitar ta tona inda sansanonin sojan Amurka suke saboda sojoji na gudu da ita a kunne, a shekarar dai aka sace bayanan asusu wajen miliyan 150 na manhajar MyFitnessPal. Mu da muke Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wadda za ka sa ka rufe asusunka daga idon jama'a, kar ka riƙa ɗora taswirar tafiyarka a sitatus, in ma taku kawai kake so ka hana ta lokeshan gaba ɗaya, waya na ƙirga taku da motsin jikinka ne.

Maman Ƴan Biyu:
Yaya in ma za ka biya ka yi hattara da gwajin kyauta ɗin nan na kwana 7. Ni haka wata manhajar rage ƙiba ta yi min, na sa kati na manta, na goge ta daga waya ina ganin shi kenan, ashe gogewa ba ta tsayar da biyan, wata uku ina ganin alat ana cire min kuɗi ban gane daga ina ba sai da ƙanena ya shiga Play Store wajen da ake ganin abubuwan da mutum ke biya duk wata ya soke. Kuma tunda da dala aka yanka kuɗin, abin da za a cire maka wannan watan ba lallai ya zama shi ne na wata mai zuwa ba, kowa ya ga yadda naira ta koma tun 2023.

Ɗan Tudun Wada:
Kafin ka canza ma kashe data in za ka buɗe ta, yawancin tallan sai da intanet yake saukowa, takun kuma zai ci gaba da ƙirguwa. Sai dai wasu sun waye, ba sa buɗewa sai da data.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na gwada kashe datar, tawa irin wayayyun ce ta ƙi buɗewa. Na goge ta, na duba Play Store kamar yadda Maman Ƴan Biyu ta ce babu abin da ke cin kuɗina alhamdulillah, na sauke Samsung Health na hana ta lokeshan. Abin da ya ɗan sosa min rai tarihin wata huɗun nan ne da ya tafi, amma na kwafe na kowane sati a bayan littafin da zan riƙa rubuta awon jini. Ƴar Malali don Allah in albashi ya shigo zan neme ki ki nuna min irin na'urar da ta dace, hannuna yana da ɗan kauri kar in sayo wadda maɗaurinta ba zai zagaye ba.