Wane ma'auni ya kamata a bi wajen tsara titunan tsakiyar Sakkwato domin masu tafiya a ƙasa?

Ɗan Kanwuri:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta ɗora mini nauyin rubuta takardar da za mu miƙa wa hukuma kafin a soma gyaran titin da ya ratsa ta ƙofar gidajenmu. Da na zauna zan rubuta, sai na tarar ba ni da abin faɗa illa "a yi mana aiki mai inganci", wanda kuwa ba magana ba ce da za a iya kama ɗan kwangila da ita.

Juma'ar da ta wuce na riƙo hannun jikana ɗan shekara shida muka nufi masallaci a ƙasa, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, amma sau tara muna sauka daga gefen titi muna hawa kwalta. Nan an ajiye mota, can an zube yashin gini, gaba kaɗan mai shago ya fito da janaretonsa ya ɗaure da sarƙa, daga nan sai lambatu a buɗe wanda dole na ɗaga yaron cak na tsallakar da shi. Duk saukar da muka yi, 'yan kabu-kabu suna gogar kafaɗata. Shin akwai sanannen ma'auni na faɗin hanyar masu tafiya a ƙasa, da wurin tsallakawa, da sauran abubuwan da ke gefen titi, wanda zan iya rubutawa da adadi? Kuma ma'aunin da aka tsara a ƙasashen sanyi zai yi aiki a gari irin namu?

Injiniyan Mabera:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma. Ma'auni yana nan, kuma ƙasashe da dama sun kusa haɗuwa a kan adadi ɗaya, domin faɗin jikin ɗan Adam bai bambanta ba tsakanin Landan da Sakkwato.

Gefen titi ana kasa shi gida uku. Kashin farko shi ne wanda ke manne da bangon gida ko shago, inda ake buɗe ƙofa, a ɗan fito da kaya. Na tsakiya shi ne hanyar tafiya zalla, wadda ba a yarda a kafa komai a kanta ba, ko falwayar wuta ko allon talla. Na uku shi ne na bakin kwalta, inda ake dasa itatuwa, a kafa fitilu, a ajiye benci da kwandon shara. Kashin tsakiyar nan ne ya kamata ku dage a kansa. A Indiya mafi ƙarancin faɗinsa mita 1.8 ne, a Ingila kuwa jagoran tsara tituna na 2007 ya ba da shawarar mita 2, dalili kuwa shi ne kekunan masu buƙata ta musamman guda biyu su iya giftawa ba tare da ɗaya ya sauka ba. A gaban kasuwa ko masallacin Juma'a, inda jama'a ke fitowa lokaci ɗaya, mita 2 ba za ta isa ba, sai an kai 3 ko fiye.

Tsayin dakalin da ya raba hanyar ƙafa da kwalta kada ya wuce santimita 15. A nan ne yawancin ayyukanmu ke kuskurewa, domin ana gina bangon lambatu ya yi tsayin gwiwa, a ɗora masa silab, a ce an yi hanyar ƙafa, alhali tsoho ba zai iya hawa ba. A kowace mahaɗa a yi gangara mai sauƙi, wadda duk tsayin santimita 1 za a shimfiɗa shi a tsawon santimita 12. Shimfiɗar kanta a karkatar da ita kaɗan, kashi 2 cikin 100, don ruwan sama ya gangara.

Za a ce muku babu fili. Sau da yawa filin yana kan kwaltar ne. Layin mota ɗaya a cikin gari mita 3 zuwa 3.25 ya wadatar har ga babbar mota, kuma idan aka faɗaɗa fiye da haka, abin da direba ke karantawa shi ne an ba shi damar gudu. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari, amma sanarwar Istokholm ta 2020 kan kiyaye haɗurra ta nemi a mayar da shi 30 a duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗe. Mota mai gudun 50 tana cinye kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 30 kuwa mita 8 da 'yan kai, kuma wannan tazarar ce ke raba karaya da jana'iza. Allon gargaɗi ba ya rage gudu. Abin da ke rage shi shi ne a ɗaga wurin tsallakawa ya yi daidai da hanyar ƙafa, a matse kwanar mahaɗa, a kuma bar tsibiri mai faɗin kusan mita 2 a tsakiyar titi mai hannu biyu, inda mutum zai tsaya ya numfasa. Wuraren tsallakawa kada su yi nesa da juna fiye da mita 100, in ba haka ba kowa zai tsallaka inda ya ga dama, kuma ba laifinsa ba ne. Gadojin sama irin na Rijiyar Ɗorowa da Runjin Sambo amsa ce ga cunkoson motoci, tambayarku kuwa daban ce.

Hajiyar Arkilla:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya bar babban abu a baya, wato inuwa. Duk wanda ya san watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, ya san ko an shimfiɗa masa hanya mai faɗin mita 5, idan rana ce tsirara a kanta ba zai bi ba. Zai tare kabu-kabu ko keke napep saboda tafiyar da ba ta fi minti biyar ba. Ku lura da tsakar rana, mutane ba sa bin ɓangaren da aka gyara, suna bin ɓangaren da bango ko itace ya yi wa inuwa ne, ko da kuwa rairayi ne. Tsofaffin lungunan cikin gari, duk da ƙuncinsu, sun fi sababbin manyan tituna daɗin tafiya saboda wannan dalilin.

Don haka, Baba, ku rubuta itatuwa a cikin takardar da adadi kamar yadda za ku rubuta siminti. Dogonyaro mun riga mun san halinsa, yana jure fari, yana riƙe ganye a lokacin da aka fi buƙatarsa, illarsa kawai saiwarsa tana ɗaga daɓe idan aka matse ta a ɗan ƙaramin rami. A bar wa kowane itace fili mai faɗin aƙalla mita ɗaya da rabi ba siminti, a jera su kusa da juna yadda rassansu za su haɗe idan sun girma. Gawo ma, da yake da rani yake fitar da ganye ya zubar da damina, da ya dace da mu, ba don ƙaya da jinkirin girma ba. Abin da ya fi dashe wuya shi ne raino. Sau nawa muka ga an dasa da bikin ƙaddamarwa, kafin sati biyu awaki sun gama da su? A sa cikin kwangila cewa wanda ya dasa shi zai killace, ya kuma yi ban ruwa har rani biyu.

Batun gangara kuma na san shi da hannuna. Mahaifiyata a keke muke tura ta tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ranar da muka kai ta ganin likita, tsakanin inda mota ta sauke mu da ƙofar shiga bai fi taku talatin ba, amma sai da wasu samari biyu suka ɗaga ta da keken gaba ɗaya, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da hanyoyin jama'a. Wa'adin ya cika, don haka kuna da hurumin ambatonta.

Mai Tebur:

Ina gaida manya. Ni a bakin titi nake neman abincina, shekara goma sha huɗu ina sayar da takalma, kuma ku gafarce ni, duk lokacin da na ji ana zancen ƙawata titi gabana faɗuwa yake yi, domin mun san da wa ake farawa. Za a zo da mota a kwashe tebura, a ce mun tare hanya, bayan wata biyu mu dawo saboda babu inda za mu, wurin kuma a tarar masu motoci sun mayar da shi wurin ajiyarsu. Mai mota ɗaya yana cin filin 'yan tebur uku, amma ban taɓa ganin an kore shi ba. Ina roƙon Baba, idan zai rubuta, ya tuna cewa mai shayi da mai tsire da ke kunna fitila har tsakar dare su ne suke sa mace ko yaro su iya bin titin bayan isha ba tare da fargaba ba. A shata mana layi, a ce kada mu wuce nan, mu da ƙungiyarmu za mu tsawata wa wanda ya wuce.

Almajirin Hubbare:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara cewa ƙayyade faɗin hanya da adadi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato kimanin mita uku da 'yan kai, gwargwadon abin da raƙuma masu kaya ke buƙata. Malaman Malikiyya sun faɗaɗa wannan babi ƙwarai, cikinsu har da Ibn Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda ya tattara hukunce-hukuncen gini da hanya da magudanar ruwa. Sun yarda mai gida yana da haƙƙin amfani da ɗan filin da ke ƙofar gidansa, ya zauna, ya ɗaure dabba, mai ƙaramar sana'a ma ya kasa kaya, amma da sharaɗi ɗaya, kada a ƙuntata wa mai wucewa, kuma kada a gine wurin a mayar da shi mallaka. Wannan ya ba Mai Tebur gaskiya ta wani ɓangare, ya kuma ɗaure shi ta wani ɓangaren. Ya ɗaure mai gidan da ya miƙo dakali ko matakala cikin hanya, ya ɗaure mu ma da muke shimfiɗa tabarmar ɗaurin aure mu toshe titi tun safe. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina a 1809 da ƙofofinsa, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku da Ƙofar Marke, an auna shi ne da tafiyar ƙafa, kuma har yau tsakanin fada da Hubbaren Shehu da masallatan nan biyu, na Shehu da na Bello, tafiyar 'yan mintoci ce. Idan za a gwada wannan tsari a wuri ɗaya tukuna, nan ne ya fi cancanta, ga baƙi masu ziyara da ke zuwa daga nesa.

Injiniyan Mabera:

Hajiya ta yi gaskiya, na karɓi gyara. Maganar Mai Tebur kuma tana da gurbi a zanen, domin tsakanin itace da itace a kashin bakin kwalta fili ne da zai ɗauki tebur ɗaya ko babura huɗu a inuwa. A Indiya sai da aka yi doka a 2014 da ta wajabta ware wa masu sana'ar bakin titi wurare. Abin da na manta shi ne lambatu. Ruwanmu ba shi da yawa a shekara, amma a wata uku zuwa huɗu yake zuba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya, ga kuma yashin da iska ke tarawa duk rani. A rufe magudanar da silab daidai da shimfiɗar hanya, amma a bar murafun da mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe kafin damina. Idan murfin na ƙarfe ne, kun san ba zai kwana ba, gara na kankare. A kuma kafa gajerun turaku a bakin hanyar ƙafa, in ba haka ba ranar da aka gama aiki ranar motoci za su hau.

Ɗan Kanwuri:

Na gode, Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Jiya bayan la'asar na ari tef ɗin wani birkila maƙwabcina, ni da jikan nan nawa muka auna daga bango zuwa bango, muka samu mita 15 da ɗan ɗoriya. Idan aka ba motoci mita 6.5, saura mita 8.5, wato kowane gefe zai samu mita 4 da kwata, biyu na tafiya, ɗaya da rabi na itatuwa da tebura, ragowar na ƙofar shago. Matsalar tana wajen kwana, inda gidaje uku suka miƙo dakali har faɗin ya koma mita 11, kuma ɗaya daga cikin gidajen na surukina ne. Injiniya, idan na turo maka zanen da na yi a takarda, za ka duba mini wannan wurin kafin taronmu na ranar Asabar? Mai Tebur, kai ma muna gayyatarka, ka zo da shugaban ƙungiyarku, bayan sallar azahar ne a zauren mai unguwa.