Neman shawara: tsuntsaye suna kashe juna a kan akwatunan sheƙa da na kafa a bayan gida

Mai tambaya, daga bayan garin Kolombus a jihar Ohayo

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Amurka kuma suka san halin tsuntsayenta. A bayan gidanmu akwai fili mai gajeriyar ciyawa, kuma tun cikin watan Maris na kafa akwatunan katako guda biyu domin shuɗin tsuntsun nan mai jan ƙirji da ake kira bulubad. Ɗaya yana jikin shingen katako, kusa da inda muke zuba wa tsuntsaye gero da barzajjen masara, ɗayan kuma yana jikin bishiya a gefen shuke-shuken da suka raba mu da maƙwabta.

Bulubad mace da namiji suka kama akwatin shinge, macen ta yi sheƙa mai tsafta da lallausar ciyawa, ta saka ƙwai huɗu shuɗɗa, duk da cewa wasu tsattsewa masu farin ƙirji sun yi ta kai musu farmaki a bakin ƙofa. A makon jiya na buɗe akwatin na tarar da macen ta mutu, an fasa mata kai, an kuma tara ciyawa da gashin tsuntsu da guntayen leda a kan gawarta, ga namijin gwara zaune a kan rufin yana ta kuka tun asuba. Akwati na biyu kuwa an cika shi da ƙananan ƙirare har bakin ƙofa, kuma babu ƙwai a ciki. Yanzu muna farkon Mayu, namijin bulubad yana nan yana zagayawa. Wane ne ya yi kisan, me doka ta yarda in taɓa, kuma yaya zan yi su zauna lafiya?

Amsa daga wani dattijo mazaunin Minasota

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abokan gabar uku ne a gidanki, kuma kowanne maganinsa daban, saboda haka kada ki haɗa su a hukunci ɗaya. Wanda ya yi kisan gwara ce. Rutsa tsuntsu a cikin akwati, da tsattsage masa kai, da gina sheƙa a kan gawa, duk halinta ne da masu kula da bulubad suka daɗe da sani. Sheƙarta ma tana tona mata asiri, domin ba ta da tsari, takan hau bango ta lanƙwaso ta sama, kuma ƙwanta fari-fari ne mai ɗigo-ɗigon toka da ruwan ƙasa. Ƙiraren da ke akwati na biyu aikin wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai ruwan ƙasa da ake kira ren. Tsattsewa kuwa ciyawa take shimfiɗawa ta lulluɓe da gashin tsuntsu, ƙwanta fari fat.

Tushen rikicin shi ne bulubad da tsattsewa ba sa iya sassaƙa kogo da kansu, sai dai su gaji wanda tsuntsaye masu ƙwaƙule itace suka bari, ko ramin da ruɓewa ta yi a bishiya ko a tsohon turken shinge. Da aka riƙa sare matattun itatuwa, ana kuma maye gurbin turakun katako da na ƙarfe, sai koguna suka yi ƙaranci. A kan wannan kuma aka ƙara baƙi biyu daga Turai: gwarar gida, wadda aka saki a Burukilin, wani yanki na birnin Niyok na yanzu, a farkon shekarun 1850, da istalin, wani baƙin tsuntsu mai sheƙa a kogo, wanda aka saki a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin Niyok a 1890 da 1891. Yawan bulubad ya ragu ƙwarai a ƙarni na ashirin, shi ya sa Lawrence Zeleny ya kafa ƙungiyar kare bulubad ta Arewacin Amurka a 1978, kuma akwatunan da jama'a suka kafa suna cikin abin da ya dawo da shi.

Game da doka, dokar tarayya ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ta hana taɓa sheƙar bulubad, ko ta tsattsewa, ko ta ren, muddin akwai ƙwai ko 'ya'ya a ciki. Gwarar gida da istalin ba sa ƙarƙashin wannan kariya, saboda haka kina da damar kwashe sheƙar gwara da ƙwanta. Ki tabbatar dai ita ce kafin ki sa hannu: namijin yana da baƙin maƙogwaro da tokar kai, macen kuma ruwan ƙasa ce mai ratsin haske a saman ido.

Amsa daga wata 'yar'uwa a Merilan

Yaya, abu na farko da zan ce ki yi yau shi ne ki daina zuba gero da masara, domin su ne suka tara miki gwara a gindin akwati. Bulubad ƙwari yake ci a wannan lokaci, ba ruwansa da hatsi. Na biyu, ki cire akwatin daga jikin shinge, saboda shinge da bishiya tsani ne ga kyanwa da maciji da rakun, wata ƙaramar dabbar dawa mai hawa bishiya ta cinye ƙwai. Ki kafa shi a kan bututun ƙarfe mai santsi, tsayin ƙafa biyar ko makamancin haka, a tsakiyar fili nesa da gini, ki sa masa makarin kwano mai kama da bututun hayaƙi a ƙarƙashi, ƙofar kuma ta juya wa iskar da ta fi kaɗawa baya. Idan akwai ɗan sandan sauka a ƙasan ƙofa ki cire shi, domin bulubad ba ya bukatarsa, gwara ce take jin daɗinsa.

Batun tsattsewa shi ne mafi sauƙi. Akwatin bulubad ba tukunyar tattabaru ba ne da ake jerawa kusa da juna kowa ya shiga tasa. Bulubad ba ya yarda wani bulubad ya zauna kusa da shi, shi ya sa ake barin kamar yadi 100 tsakanin akwatunansu. Ita ma tsattsewa tana korar 'yar'uwarta tsattsewa daga kusa da ƙofarta. Amma jinsin biyu sukan jure wa juna, saboda ɗaya a ƙasa yake tsintar ƙwari, ɗaya kuma a sararin sama take kamawa. Don haka sai ki kafa akwati biyu da tazarar ƙafa 15 zuwa 20, tsattsewa ta ɗauki ɗaya, ta kuma hana sauran tsattsewa ɗayan, sai ya rage wa bulubad. Za su yi ɗan tsere da kai-kawo a kwanakin farko, kada wannan ya tayar miki da hankali.

Faɗin ƙofa kuwa ya zama inci ɗaya da rabi daidai, wato milimita 38, wanda yake hana istalin shiga. Sai dai kada wani mai sayar da akwati ya ruɗe ki, duk ƙofar da bulubad zai shiga gwara ma za ta shiga, domin ta fi shi ƙanƙanta.

Amsa daga wani ɗan'uwa a Indiyana

Hajiya, a kan ren kawai zan yi magana. Namijinsa yakan cika akwatuna da yawa da ƙirare domin mace ta zaɓi ɗaya, kuma yakan shiga sheƙar maƙwabci ya huda ƙwai ya jefo su waje. Idan ƙirare ne zalla, babu ɗan gurbi mai laushi a bayansu kuma babu ƙwai, za ki iya zubarwa. Idan akwai ƙwai, sai ki haƙura har 'ya'yan su tashi. Shi tsuntsun sarƙaƙiya ne, saboda haka nisanta akwati daga shuke-shuke da ƙafa 50 ko 100 ya fi kowace dabara aiki.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zubar da sheƙar gwara da ƙiraren, na kuma janye geron, amma kafin la'asar namijin gwara ya fara sabon gini. Maƙwabciyata ta ce in sa tarko a cikin akwatin in kama shi in kashe. Gaskiya zuciyata ba ta natsu da wannan ba. Malamai, akwai wata hanya?

Amsa daga wani malami a Niyok

Hajiya, rashin natsuwarki yana da asali. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a cikin tafiya, da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga uwar tana shawagi cikin damuwa, sai ya umarta a mayar mata da su. Wasa da ran tsuntsu ba tare da dalili ba abin hani ne, ko da yake malamai sun yi magana a kan kawar da abin da yake cutarwa idan babu wata mafita. A ganina ki fara da hanyoyin da babu zubar da jini a cikinsu. Ki riƙa kwashe ginin kullum tun kafin a kai ga ƙwai, ko ki toshe ƙofar na wasu kwanaki, ko ki bar ƙyauren akwatin a buɗe har ya gaji ya tafi. Idan kuma bulubad ya samu wata mace suka sake sheƙa, to da zarar ƙwai na farko ya sauka sai ki kafa abin tsoratar da gwara a kan rufi, wato ɗan sanda mai zirin leda masu ƙyalli suna lilo har suna shafar rufin. Gwara tana gudunsa, bulubad kuwa da ya riga ya saka ƙwai ba ya barin sheƙarsa saboda shi. Ki tsaya ki ga macen ta koma ciki, sannan ki cire shi bayan 'ya'ya sun tashi don kada gwara ta saba da shi.

Dattijon Minasota ya sake magana

Allah ya gafarta Malam, na yarda da tsarin da ka kawo, amma akwai abin da ya kamata Hajiya ta sani kafin ta dogara da shi. Namijin gwara akwatin yake riƙewa, ba macen ba, shi ya sa ko an zubar da gininsa ko macen ta tafi, yana nan a kan rufi yana kiran wata. Wasu masu kula da akwatuna sun lura cewa yawan rushe masa gini yakan sa ya koma kan akwatin da ke kusa, kuma idan akwai ƙwai ko 'ya'ya a can, su za su ɗauki fushin. Kama shi a kai shi nesa a saki ma bai warware komai ba, ko dai ya dawo, ko ya zama matsalar wani. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa suke amfani da tarkon cikin akwati irin na Van Ert. Wanda ya kafa shi kuwa wajibi ne ya riƙa dubawa aƙalla kowace awa, domin tarkon ba ya bambanta gwara da bulubad.

Idan zuciyarki ba za ta iya wannan ba, Hajiya, babu laifi, amma kada ki bar akwatin yadda yake, domin gwara tana ƙyanƙyasa sau biyu zuwa huɗu a shekara, kuma akwatin da aka bar mata yana ƙara wa unguwa masu kisan ne kawai. Zaɓi biyu ne suka rage. Ko ki sauke akwatunan a bana, ko ki maƙala farantin ƙarfe da zai rage ƙofar zuwa inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, wajen milimita 29. Gwara ba za ta iya shiga ba, bulubad ma haka, amma cikadi, ɗan ƙaramin nan mai baƙar hula da yake shimfiɗa gansakuka da gashin dabba, zai samu wuri. Ni da unguwarku tana da gwara da yawa, wannan zan zaɓa.

'Yar'uwar Merilan ta ƙara

Yaya, tunda bulubad yakan yi sheƙa sau biyu ko uku kafin ƙarshen Agusta, lokaci bai ƙure miki ba. Ki wanke akwatin, ki mayar da shi tsakiyar fili, ki ga ko gwara za ta bi shi can, domin sau da yawa ta fi son jikin gini. Idan an sake ƙwai, ki riƙa leƙawa kowane kwana uku ko huɗu, kamar yadda shirin lura da sheƙar tsuntsaye na jami'ar Konel, mai suna NestWatch, yake ba da shawara, ba da sassafe ba lokacin da mace take saka ƙwai, ba kuma cikin ruwan sama ba, kada leƙen ya wuce minti ɗaya. Kwanci yakan ɗauki kwana 12 zuwa 14. Idan 'ya'ya suka kai kwana 12 da ƙyanƙyasa ki daina buɗewa, don kada su firgita su faɗo kafin fikafikansu su yi ƙwari, sai dai ki riƙa kallo daga nesa. Bayan sun tashi ki kwashe tsohuwar sheƙar ki kai ta nesa da gindin bututun, saboda warinta yana jawo rakun.