Labaran Atom sun ƙi fitowa da XSL ɗina

Nura: Salamu alaikum. Na haɗa fayil ɗin XSL (wanda ke juya XML zuwa shafin da mutum zai iya karantawa) don labaranmu su fito tsaf idan mutum ya buɗe feed ɗin, wato jerin sababbin labaran shafin, kai tsaye. Da tsarin feed na RSS komai lafiya lau, amma da na koma ɗaya tsarin, wato Atom, sai shafi ya fito fari fat. Me zan duba?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Namespace ne, wato adireshin da ke nuna tsarin da sunayen cikin XML suka fito. RSS 2.0 ba shi da shi, Atom kuwa komai nasa yana ƙarƙashin http://www.w3.org/2005/Atom. Ka ayyana xmlns:atom a saman fayil, ka rubuta atom:feed/atom:entry maimakon feed/entry.

Habibu: Kafin ka taɓa XSL ɗin, duba abin da sabar take turowa. Ni wani kamfanin ajiye shafuka ya ba ni wahala a kan wannan. Fayil ɗina babu kuskure ko ɗaya, da xsltproc na gwada a kwamfutata ya fito daidai, amma da zarar an ɗora sai Firefox ya ƙi. Ashe sabarsu tana turo .xsl a matsayin text/plain ne, alhali text/xml ko application/xml ake buƙata. Na yi ta rubuta musu, su kuma suna ce mini in share cache. Bayan an gyara wannan sai ga wata: sun mayar da fayilolin zuwa wani adireshi daban, burauza kuma ba ta yarda XML ya ɗauko XSL daga wani gida ba. Mai shafin yana kirana dare da rana, a ganinsa ni na ɓata aiki. Ka kuma tabbata UTF-8 ne a duka biyun, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamun tambaya.

Zainab: Wannan na ƙarshe gaskiya ne, Yaya Habibu. "Ƙasa" ya taɓa fito mana da kwalaye.

Auwal: Ni ban ga amfanin wannan wahalar ba. Chrome ya riga ya sanar zai cire XSLT, wato fasahar da fayil ɗin XSL ke aiki da ita. Ku koma JavaScript kawai.

Malam Sani: Auwal, ba kowa ke da datar loda tulin JavaScript ba. A yi juyin a sabar da XSLTProcessor na PHP, mai karatu ya samu HTML zalla.

Auwal: Malam, kai dai ka ƙi rabuwa da XSLT, kayan 1999.

Malam Sani: Kayan 1999 ɗin ne har yanzu yake buɗewa a ƙaramar waya.

Zainab: Ni tambayata daban. Sakin layin cikin labari yana fito mini da <p> a rubuce. Na sa disable-output-escaping don burauza ta ɗauke shi a matsayin HTML, Chrome ya karɓa, Firefox ya yi biris.

Habibu: Firefox bai taɓa goyon bayansa ba, Hajiya. Sai dai a sabar.

Nura: Na sa atom: ɗin, kanun labarai sun fito, na gode Malam. Sai dai kwanan watan yana zuwa da T da Z a ciki.

Auwal: XSLT 1.0 ba shi da format-dateTime, mai gyara fasalin kwanan wata. Yanka shi da substring, ko ka nemi Saxon, manhajar da ke aiki da sabon XSLT.